Kiyashin da Hansai Ta Jefa a Nonon Ɗiyarta

A Babban Duhu, in ka tara duk waɗanda ba su kai shekara arba'in ba ka ce wanda Hansai ta yanke wa cibiya ya ɗaga hannu, gara ka ƙirga waɗanda ba su ɗaga ba, ya fi sauƙi. Ungozoma ce, gajeruwa, baƙa, mai saurin tafiya da kaifin baki. In ta shiga gidan da ake naƙuda, maza da ido take korarsu, 'yan kallo kuwa da baki. Mijinta Mani, Allah ya jiƙansa, ya kan ce shi matar gari ya aura, domin tuwonsa ya sha hucewa tana can gidan wani tana jiran wata ta sauka.

Sana'ar gado ce. A hannun gwaggonta ta koya, kuma ta koya da kyau. Ta san cikin da zai zo da sauƙi da wanda zai ba da wuya tun daga tafiyar mai shi. Ta san inda ake binne mabiyiya, ta san zafin ruwan wankan jego da gwiwar hannu, ta san kanwar da ta isa kunun mai jego da wadda ta yi yawa. Kuma a yi mata adalci, Hansai ba ta da taurin kai irin na wasu. Da malaman asibiti suka zo suka ce a daina yanke cibiya da tsohuwar aska, ita ta fara sayen sabuwar reza. Da suka ce mai zubar jini a garzaya da ita asibiti, ita ke tare mai babur da kanta. Abu ɗaya ne ba su tambaye ta ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba, wato gwajin nono.

Ga yadda ake yinsa. In mace ta haihu, ba a barin jariri ya kama nono nan da nan, domin ruwan farko da ke fitowa, wannan mai kauri mai launin rawaya da ake kira dakashi, ana ɗaukarsa datti ne. Sai a lallaɓa jaririn da ruwan dabino da 'yar madarar dabba. Rana ta uku ungozoma ta tatsi nonon uwar a ludayi, ta kamo kiyashi ɗaya daga gindin randa, ta jefa a ciki. In ya yi iyo ya hau gefen ludayin ya fita, nono lafiya lau. In ya mutu a ciki, nono yana da dafi. Sai a jiƙa wa uwar saiwoyi ta sha kwana uku, a sake gwadawa. Yawanci a karo na biyu kiyashin kan fita, a yi hamdala, kowa ya kama gabansa. Cikin shekara arba'in, mata huɗu kaɗai Hansai ta yanke wa hukuncin cewa nononsu ba ya gyaruwa. Ta huɗun ɗiyarta ce, Zuwairatu.

Zuwairatu ita ce autarta. An aurar da ita Batsari ga wani mahauci mai suna Armaya'u, mutum mai shiru-shiru wanda ba ya iya haɗa ido da surukarsa. Da cikin fari ya tsufa ta dawo gida goyon ciki, ta haifi mace a ɗakin uwarta, aka sa mata Hadiyya. Rana ta uku kiyashi ya mutu. Aka sha saiwoyi, ya sake mutuwa. Aka canza saiwoyi, aka haɗa da rubutu, karo na uku ma ko motsin kirki bai yi ba. Kafin nan ƙirjin Zuwairatu ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, tana kuka jaririyar na kuka. Hansai ta daure ta ce a raba su. Aka shirya da wata Bafulatana da ke bayan gari tana kawo madarar shanu kowace safiya, da wata uku aka haɗa da kunu.

Abin da ya fi ciwo a tuna yanzu shi ne Hansai ta yi alfahari da wannan hukunci. Ta sha faɗa a gidajen suna cewa ita ko ɗiyar cikinta ba ta ɗaga wa ƙafa ba. Mata suka yi ta yaba mata, ita kuma tana gyara ɗaurin kallabi.

Hadiyya ta rayu, ta yi wayo, ta zama yarinya mai surutu da son gyaɗa. Bayanta Zuwairatu ta yi ɓari sau biyu, daga nan shiru shekara da shekaru. A tsakanin nan zaman ƙauye ya yi wuya, shanun Bafulatanar nan ma aka kore su cikin daji, Hansai ta tattara 'yan komatsanta ta koma Batsari gidan ɗanta Sagiru, layi biyu tsakaninta da gidan Zuwairatu. Kullum da hantsi Hadiyya na wurinta. Kaka da jika sai tsokanar juna. Hansai ta ce mata ƙawata mai bakin aku, ita kuma ta ce tsohuwa mai haƙori uku.

Shekarar da Hadiyya ta cika takwas, daidai lokacin da Allah ya sake ba Zuwairatu ciki, yarinyar ta fara shan ruwa kamar ana zubawa a rairayi. Ta shanye moɗa ta nemi ƙari. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Tana ci, ci na gaske, amma kullum rigarta ƙara yi mata yawa take. Aka ce shawara ce, aka ba ta jiƙo. Aka ce taifot ne, aka sayo ƙwayoyi a kemis. Wata ranar Laraba da azahar ta fara amai, numfashinta ya koma sama-sama, aka kira sunanta ba ta amsa ba. A asibitin garin aka ɗiga jininta a wani ɗan inji, ma'aikacin ya dubi injin ya dubi yarinyar, ya ce a nemi mota zuwa Katsina yanzu-yanzu.

Kwana biyu ba ta san inda take ba. Rana ta uku ta buɗe ido ta nemi gyaɗa, Armaya'u ya fita waje ya yi kukansa inda ba mai ganinsa. A ranar ne wani matashin likita, Dakta Tayyib, ya zo da takarda yana yi wa Zuwairatu tambayoyi. Akwai mai ciwon sukari a danginku? Babu. A dangin uban? Sai dai wani kawunsa da ya rasu yana yaro, ba a san abin da ya kashe shi ba. Wata nawa ta sha nono?

Zuwairatu ta sunkuyar da kai. "Ba ta sha ba, likita. Nonona ba shi da kyau."

"Wa ya ce ba shi da kyau?"

Hansai, da ke zaune a tabarma gefen gado, ta ce, "Ni na ce."

Likitan bai ce komai ba. Ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce gado na gaba. Wannan shirun ya fi zagi ƙona wa Hansai rai. Ta miƙe ta bi shi, ta tare shi a baranda.

"Ɗan nan, tsaya. Mi ya sa ka tambayi zancen nono? Mi ya haɗa nono da sukari? Yarinyar ga ko rake ba ta damu da shi ba."

"Inna, wannan ba irin ciwon sukarin manya ba ne, kuma ba shan zaƙi ke kawo shi ba," in ji shi. "A jikin kowa akwai garkuwa da ke yaƙar cuta. A wasu yaran sai garkuwar ta juya ta lalata wurin da ke sarrafa sukari. Shi ya sa za ta riƙa yin allura kullum, har iyakar rayuwarta."

"Mi ke sa ta juya?"

"Ba wanda ya san dalilin duka. Akwai gado a ciki, akwai wasu abubuwan da ake ta bincike. An lura a wurare da dama cewa yaran da suka daɗe suna shan nonon uwa, ciwon ya fi ƙaranci a cikinsu. An kuma yi zargin fara ba jariri madarar shanu da wuri, wasu masu binciken sun ga alama, wasu ba su gani ba. Shi ya sa muke tambaya."

Hansai ta ce, "To da ta sha na uwarta, da ba ta kamu ba?"

"Ban sani ba, Inna. In na ce miki e na yi ƙarya, in na ce a'a na yi ƙarya. Kin ga yaron da ke gadon ƙarshe? Shekara biyu cur ya sha nono, ga shi kwance da irin ciwon."

"Amma nono yana yin dafi. Na gani da idona."

"Da kiyashi?" Ya yi ɗan murmushi, ba na raini ba. "Kakata ma haka take yi. Akwai 'yan cututtuka da kan sa mu yi hattara da shayarwa, amma a jini ake ganinsu, kuma katin awon ɗiyarki ya nuna ba ta da su. Dakashin nan da ake zubarwa, shi ne rigakafin farko da Allah ya yi wa jariri. Don Allah, cikin nan da take ɗauke da shi, a bar shi ya sha."

Ta koma ɗaki tana huci. Yaron da aka haifa jiya, wanda da a ƙauyensu yake ita za ta yanke masa cibiya, shi zai koya mata nono? Haka ta yi ta faɗa a ranta har la'asar. Amma maganar ta riga ta shiga, kuma ta ƙi fita.

Washegari suna wanke kwanuka a bakin famfon asibitin, ita da Zuwairatu, sai ɗiyar ta tsaya da wanki, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Inna, akwai abin da ban taɓa gaya maki ba. Kafin ki yi gwajin nan na farko, na ba ta. Sau biyu. Kin fita ɗebo itace, tana ta kuka, na kasa daurewa." Ta dubi uwarta. "Shi ne ya zauna mata a jiki, ko? Shi ne ya tashi yanzu. Ni na ɗura mata da hannuna."

A nan ne Hansai ta yi kuskuren da ya fi na kiyashi girma. Maganar likita na nan ɗanya a kunnenta. Da ta buɗe baki ta ce ɗiyata, ba ke ba ce, wataƙila ma gwajin nawa ne ba shi da tushe, da an wuce wurin. Amma faɗin haka yana nufin ta tsaya gaban 'yar da ta haifa ta ce na raba ki da jaririyarki a banza. Ta ji tsoro, tsoro ƙarara. Sai ta ce, "Ƙaddara ce, ki bar zancen," ta ci gaba da cuɗa kwano.

Suka dawo Batsari da kwalaben allura da takardar abin da za a ci da wanda za a rage. Da yake wutar lantarki ba ta zama, aka koya musu su sa kwalbar cikin ƙaramin tulu, su binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Safe da yamma Zuwairatu ke tsira wa 'yarta allura a cinya. Hadiyya ta saba har tana zaɓar wurin da kanta, uwar ce ba ta saba ba. Duk ranar Allah in ta zare allurar sai ta shiga ɗaki ta daɗe. Malamar awo ta yi mata bayani, Armaya'u ya maimaita mata abin da likita ya ce, ta amsa da to. Amma ta riga ta yanke a ranta cewa abin da ke cikinta ba zai ɗanɗana nononta ba sai uwarta ta gwada ta ce ya gyaru. Takarda ba ta taɓa karɓar haihuwa a gabanta ba, uwarta kuwa ta karɓi ɗaruruwa. Uwar mijinta, Hajiya Mero, ta goyi bayanta. Ranar kasuwa ta sa aka sayo akuya mai ciki aka ɗaure a tsakar gida, don kada a rasa madara in lokaci ya yi.

Ita kuwa Hansai, wani abu ta shiga yi wanda da an gan ta da an ce tsufa ya fara taɓa ta. In matar Sagiru ta tafi unguwa da rana, sai ta zaga bayan ɗaki da ƙoƙuna ta tsuguna. Ta zuba ruwan randa a ɗaya, madarar akuya a ɗaya, kunu a ɗaya. Ta kamo kiyashi ta jefa. Wani ya fita, wani ya mutu. Ta sake. Wanda ya faɗa kusa da gefe ya kan tsira, wanda ya faɗa tsakiya ya kan tafi. In abin mai kauri ne ko mai maiƙo, da wuya ya fita. A ruwan da ta sha da bakinta minti biyar da suka wuce, kiyashi uku suka mutu a jere. Ta yi wannan gwaji ya fi sau ashirin cikin wata guda, tana fatan ko sau ɗaya ya nuna mata cewa gwaggonta ta san abin da take yi. Bai nuna ba. Ta tuna nonon Zuwairatu, yadda yake da kauri, har yana kama ludayi. Ta tuna sauran mata ukun. Ɗan ɗayarsu gudawa ta kashe shi bai kai wata huɗu ba, kuma a lokacin cewa aka yi dafin ne ya riga ya shige shi.

Abinci ya daina yi mata daɗi. In Hadiyya ta zo ta ce tsohuwa mai haƙori uku, sai ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, idonta na kan cinyar yarinyar. Ba ta san ko ita ta jawo mata ba. Likita ya ce ba wanda ya sani, kuma wannan rashin sanin bai sauke mata komai ba. Sau uku ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Zuwairatu da niyyar faɗa, sau uku ta ƙare da tambayar ya nauyin jiki.

Daga ƙarshe ta samo wa kanta dabara, kuma ta ji daɗin dabarar fiye da yadda ya kamata. Tunda ta san abin da ke sa kiyashi ya fita, ai sai ta sa ya fita. Nono kaɗan a ludayi mai faɗi, ƙwaro babba mai ƙarfi, a ajiye shi a gefe, a ɗan karkata hannu. Jariri ya sha nono, ɗiyarta ta huta, sunanta ya tsira. Kowa ya ci riba, in ji ta.

Zuwairatu ta sauka wata safiyar Litinin a asibitin garin, namiji, ƙato. Malamar da ta karɓi haihuwar ta ɗora mata shi a ƙirji, Zuwairatu ta kawar da kai ta ce jiri take ji, a bari sai an je gida. A gida Hajiya Mero ta fara ba shi madarar akuya da cokali. Yana sha yana dawowa da ita, yana kuka har muryarsa ta dushe. Hansai ba ta iya jira kwana uku ba. Talata da hantsi ta shigo da ludayinta ta ce yanzu an daina jiran rana ta uku.

Su uku ne a ɗakin, sai jaririn. Hansai ta tatsi ɗan kaɗan, ta kwance bakin zanenta ta fito da wata baƙar tururuwa da ta kamo tun a gida.

"A'a, Yaya Hansai," in ji Hajiya Mero. "Haihuwa bakwai na yi, duk an yi mani gwajin ga. Ba da tururuwa ake yi ba, da kiyashi ne. Kuma wannan ɗan digon mi zai nuna? Ki ƙara. Abin da ya samu yarinyar can ya ishe mu, kada a yi mana gaggawa."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ma jikanta take ji wa tsoro. Ta fita da kanta ta kamo kiyashi a gindin randa, ta karɓi ludayin da aka ƙara wa nono, ta riƙe shi daidai, ta saki ƙwaron a tsakiya. Ya yi 'yan wutsil-wutsil, ya juya sau ɗaya, ya tsaya.

Zuwairatu ba ta yi kuka ba. Ta ja zane ta rufe ƙirjinta, ta ce a hankali, "Dama na sani." Hajiya Mero ta yi salati, ta jawo ƙoƙon madarar akuya da cokali.

Hansai ta dubi jaririn. Leɓensa ya bushe, yana ta juya kai yana neman abin da ke nesa da shi da taƙi ɗaya. Ba wanda ke zarginta da komai a ɗakin nan. In ta yi shiru, ita ce dai Inna Hansai da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Sai ta miƙa hannu.

"Hajiya, miƙo mani ƙoƙon nan."

Ta karɓa, ta fita, ta dawo da kiyashi uku a tafin hannu, ta zuba su tsakiyar madarar akuyar. Suka zuba ido. Ɗaya ya yi ta fama har ya kama gefe ya hau. Biyu suka tsaya cik.

"To ga shi," in ji Hansai. "Madarar da kike ba shi tun jiya ta kashe biyu. Leƙa waje ki ga 'ya'yan akuyar, ga su can suna tsalle kan turmi. Kawo ruwan da kika sha yanzu, shi ma zai kashe. Na gwada, Hajiya. Na gwada a ruwa, na gwada a kunu, na gwada har na gaji. Nutsewa yake yi kawai. Ba abin da ya sani."

"Subhanallahi. To shekara arba'in mi kike yi?"

"Abin da aka koya mani." Ta juya ga ɗiyarta, kuma wannan juyawar ta fi komai wuya. "Zuwaira, nononki ba shi da komi. Bai taɓa yin komi ba. Kauri gare shi, shi ke nan. Sau biyun da kika ba ta, ba su ne suka sa mata ciwo ba, su ne kaɗai alherin da ta samu a kwanakin nan. Ni na raba ku. Ko rabawar ce ta jawo mata, ko ba ita ba ce, likita ya ce Allah kaɗai ya sani. Amma ke ba ki da laifi ko na ƙwayar gero."

Zuwairatu ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Da ta ɗago, idonta a bushe yake.

"Tun yaushe kika sani, Inna?"

"Tun bayan dawowarmu daga Katsina."

"Wata biyar ke nan."

"Wata biyar."

"Ranar da na gaya maki a bakin famfo fa? Kin sani?"

Hansai ta so ta ce a'a. Da kaɗan ma gaskiya ne, domin a ranar ba ta fara gwaje-gwajenta ba. Amma ta gaji da rabin gaskiya.

"Likita ya riga ya gaya mani. Ban so in yarda ba."

"Kullum in na soka mata allurar nan, cewa nake ni na yi mata," in ji Zuwairatu. Ba ta ɗaga murya ba. "Safe da yamma, Inna. Kina zuwa kina tambayata nauyin jiki."

Jaririn ya ja wani siririn kuka. Zuwairatu ta sauke zanen daga ƙirjinta, ta ɗauke shi daga kan katifa. Haihuwarta ta biyu ke nan, amma ba ta san yadda ake riƙe ɗa a nono ba. Ta tallabe shi a karkace, kansa ya zame, ya kama ya saki, ya ƙara tsananta kuka. Hansai, wadda ta gyara wa matan gari guda wannan riƙon, ta matso ta miƙa hannu don ta ɗaga masa ƙeya.

Zuwairatu ta ɗan juya kafaɗa, kaɗan dai, yadda hannun bai kai ba.

"Hajiya," ta ce da uwar mijinta, "zo ki nuna mani yadda ake yi."

Hansai ta janye hannunta. Ta tashi a hankali, ta ɗaga labule ta fita tsakar gida, ta zauna a bakin rijiya cikin rana. Daga ɗakin tana jin muryar Hajiya Mero tana cewa ɗaga shi sama kaɗan, haɗa cikinsa da naki, bari ya buɗe baki sosai. Kukan ya ci gaba, ya ci gaba, sannan ya yanke. Ta kasa kunne ko zai dawo, bai dawo ba. Ta ce Alhamdu lillahi, hawaye na bin kuncinta, ta ci gaba da zama a wurin har inuwa ta iso kanta, ba wanda ya kira ta ciki.